Shekari Wa-ya-taɓa da Ogan ɗin Unguwar Boro

A Unguwar Boro, in ka tambayi gidan Shekari Didam, sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce gidan Wa-ya-taɓa kake nema, ko mai tuyar ƙosai ta bakin kwalbati za ta nuna maka shi da cokalinta ba tare da ta ɗago kai ba. Sunan ba na yanka ba ne, ba kuma na baftisma ba. Shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya taɓa kai masa rediyo ko talabijin ko inbata ya san yadda ake yi. Ka ajiye kayanka a tebur, ka gaishe shi, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ka, ba kayan ba, ya ce, "Wa ya taɓa?" In ka ce ba kowa, haka kawai ya daina aiki, sai ya turo maka kayanka. A ilimin Shekari babu abin da ke lalacewa haka kawai. Ko dai ɗanka ya zura masa cokali, ko ƙanin matarka da ya leƙa makarantar koyon sana'a ya buɗe shi. Sai ka faɗi sunan mai laifi kamar a gaban alƙali, sannan ya ɗauki sukudireba. An ce wani fasto ya taɓa tsayawa a gabansa yana ta rantsuwa, abin da yake hana ikilisiya yi kowace Lahadi, kafin daga baya ya amsa cewa shi ya kifar wa amfilifaya shayi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Zonkwa. Ya yi makarantar mishan a zamanin da ake duba farce da wuyan riga kowace safiya, ake rubutu da alƙalamin da sai an tsoma a tawada. Abu biyu aka cusa masa a can da bulala, har yau kuwa ba su fita ba. Na ɗaya, abin da ke aiki ba a taɓa shi. Wannan ya koye shi ranar da ya buɗe agogon bangon hedimasta don ya ga mai ƙwanƙwasawa a ciki. Na biyu, ɓarna zunubi ce: ba a barin loma a kwano, ba a yar da guntun alli, sabulu in ya ƙanƙance a manna shi a jikin sabo. Ba wanda ya gaya masa cewa wata rana dokokin nan biyu za su yi karo a kan teburinsa.

Ya zo Kaduna da akwatin kwano da takardar shaidar sana'a, ya shiga masaƙa a Kakuri, sashen lantarki. Wanda bai ga Kakuri ta lokacin ba, ba zai gane ba. Jiniya ta yi kuka, kekuna su cika titi har mai mota ya haƙura ya kashe inji, kowa ya fito da farin auduga a gashi kamar an tsufa rana ɗaya. A can ya haɗu da Bello, mutumin Makera, suka yi ta raba goro da gardama har masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Bello ya buɗe shagon kayan gyara a unguwarsu. Shekari kuma ya mayar da garejin gidansa shago, garejin da mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Masana'antun Kudenda suka riƙa aiko masa da fanel ɗin injinansu, su ma injiniyoyinsu sai sun amsa tambayar.

Kayan zamani ba sa nuna ciwonsu a fuska. A da, in abu ya ƙone za ka gan shi baƙi ƙirin, ka ji warinsa. Yanzu kuwa ƙananan ai-si ne masu ƙafafu kamar kyankyaso, suna raɗa wa juna magana da wuta, i da a'a, i da a'a, sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Don haka 'yarsa Jessica, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta aiko masa da wata na'ura da ake kira analaiza. Girmanta kamar kwalin ashana, da siraran wayoyi takwas masu launi. Ka maƙala wayoyin a ƙafafun ai-si, ka soka ɗaya gefen a kafar USB ta laftof, sai ta zana maka hirar tasu a allo, layi takwas masu hawa da sauka kamar matakala. Shekari ya raɗa mata suna Magulmaci, ya kuma so ta fiye da yadda ya kamata dattijon coci ya so magulmaci. Laftof ɗin tsoho ne, an ɗaure murfinsa da salatif, yana tafiya da irin tsarin nan na kyauta da masu sa-kai na duniya ke rubutawa. Lokaci-lokaci wani ɗan akwati yakan fito a kusurwar allo yana roƙon a sabunta tsarin. Shekari yakan rufe shi kamar yadda ake korar ƙuda.

Sai maganar ogan. A cocinsu akwai wani tsohon ogan na lantarki, abin kiɗa mai madannai da jikin katako, wanda Turawan mishan suka bari lokacin da suke tattara kayansu. Phoebe, matar Shekari, ke kaɗa shi tun tana budurwa. Ta dalilinsa ma suka san juna, don an kira Shekari ya duba shi sau ɗaya, ya yi ta dawowa dubawa har dattawa suka gane ba ogan ɗin ke da matsala ba. Bayan aure ba da jimawa ba, madanni guda a can ƙarshen hagu, cikin masu babbar murya, ya mutu. Phoebe ta ce ya gyara, ya ce ranar Asabar. Ta sake tuna masa, ya ce Asabar mai zuwa. Aka haifi Jessica, aka yaye ta, ta yi makaranta, ta tafi Abuja. A wani wuri cikin waɗannan Asabar ɗin Phoebe ta daina magana, shi kuma ya ɗauka ta manta.

A daminar bara ogan ɗin ya fara hauka. Ka danna nan, can ya amsa. Rabin madannai suka yi gum. Clinton, sakataren kwamitin coci, matashi mai takalmi mai tsini, ya daɗe yana hangen kusurwar da ogan ɗin ya tare don ya kafa gangunan bature da sifiku. Har ya kawo wani ɗan gwangwan daga Panteka ya ƙwanƙwasa katakon ya ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyinsa. Kwamiti ya zauna ya yanke: in ogan bai bi da waƙa ranar Lahadin Godiya ba, a ɗora shi a kura.

"Baba, ba raini ba ne," in ji Clinton. "Abin nan ya girmi babata."

"Ita ma ka kira mata 'yan gwangwan?" in ji Shekari. "Ku ba ni makon nan. Magulmaci zai gaya mini abin da ke damunsa kafin shayinka ya huce."

Da suka fito daga taron, Phoebe ta koma ta rufe ogan ɗin da zanen da ta saba rufe shi, ta daɗe tana gyara gefunan zanen da ba su karkace ba.

Ranar Litinin da rana saƙo ya shigo wayar Shekari: datarsa za ta ƙare wa'adi yau, ga shi kuwa saura da yawa. Mutumin da aka yi wa bulala kan lomar tuwo ba zai zauna yana kallo a kwashe masa abin da ya saya ba. Ya kalli wa'azin wani fasto da bai yarda da koyarwarsa ba, daga farko har ƙarshe. Ya sauko da zane-zanen injinan da ba a taɓa kawowa Najeriya ba. Ya kira Jessica ta bidiyo tana tsakiyar aiki, ta ce, "Dadi, lafiya?" ya ce lafiya, fuskarta kawai yake son gani, ta ce lallai akwai wani abu. Duk da haka data ba ta ƙare ba. Sai ɗan akwatin nan ya leƙo a kusurwar allo. Shekari ya dube shi kamar yadda ake duban karen maƙwabta in tuwo ya yi saura. Ya danna. Laftof ya yi ta haɗiya har la'asar, data ta ƙare tas, Shekari ya tashi da zuciya fes, bai bar wa kamfani ko ƙwaya ba. Phoebe tana tsince shinkafa a bakin ƙofar gareji duk tsawon lokacin.

Washegari ya ɗauki jaka ya tafi coci. Ya kwance bayan ogan, ya maƙala wayoyi takwas ɗaya bayan ɗaya, ya soka Magulmaci a laftof. Allo ya ce ba a ga na'ura ba.

Ya zare ya sake sokawa. 'Yar fitilar jikinta ta kama, ta ƙifta, ta mutu. Ya canza kafa, laftof ɗin kafa uku gare shi, duk ya bi su. Ya canza waya. Ya hura kafar, ya goge ta da tsinken ashana da auduga. Ya kashe laftof ya kunna. Ya buɗe baƙin allon nan da kwamfuta ke faɗin abin da ke faruwa a cikinta, ya ga magana ɗaya tana maimaituwa: na'ura ta shigo, na'ura ta fita. Daga nan shiru.

Da gyara ya ƙi, sai ya koma ga abin da ya fi iyawa. Ya tare mai sharar coci ya tambaye ta ko ta matsar da jakarsa. Ya tambayi mai gadi ko an ta da janareta ba a kashe soket ba. Ya kira Clinton a waya ya ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Da ya koma gida ya tsaya a ƙofar kicin.

"Maman Jessica, wa ya taɓa laftof ɗina?"

"Ni dai tsumma na bi kansa da shi ranar Asabar."

"Jiƙaƙƙe?"

"Busasshe. Tun kafin ka yi furfura na san wannan."

"To wa ya shiga gareji?"

"Wanda ke da makulli," in ji ta, ta ci gaba da yanka kuɓewa.

Ranar Laraba ya hau keke-napep zuwa Makera. Bello yana da laftof mai irin tsarin, Shekari ne ma ya sa masa shi, kuma tun ranar ba a ƙara masa komai ba, don Bello lissafin kaya da sauraron tafsiri kawai yake yi da shi. Aka soka Magulmaci. Fitila ta kama, ta ƙifta, ta sake kamawa, ta zauna daram. Allo ya buɗe da layi takwas suna jiran aiki.

Bello ya ɓare goro a hankali, ya miƙa masa rabi.

"Na'urarka lafiyarta ƙalau, Malam Shekari. Waya ma lafiya. Saura laftof."

"Na gani. Ina da ido."

"Jiya-jiya yana aiki, yau ba ya yi."

"Alhaji, in kana da magana ka faɗa."

"Ni? Akwai wata tambaya da ake yi a irin wannan wuri, amma tana da mai ita. Ba na shiga gonar mutane." Ya tauna goro. "Wanzami dai ba ya son jarfa."

"Ara mini naka zuwa Lahadi."

"Ɗazu ka ce shara ne, ko akuya ba za ta ci ba."

"Wancan tun bara na faɗa."

"Bai canza ba tun bara. Shi ya sa yake aiki." Bello ya jawo laftof ɗinsa ya rufe. "Gobe kaya za su iso daga Kano, da shi zan karɓa. Ka je ka binciki mutanen gidanka, ka fara da babba."

A gida Shekari ya yanke shawarar kai ƙara dandalin masu irin wannan aiki a intanet. Sai a nan ya tuna ba shi da data ko ta gaisuwa. Dole ya je ya roƙi Phoebe ta buɗe masa ta wayarta. Ta buɗe, amma ba ta ba shi wayar ba. Ta jawo kujera ta zauna a bayansa da ita a cinya, wai kada layi ya yanke.

Ya rubuta da Turancin mishan, da gaisuwa a sama, da sakin layi, da neman gafara kan ɗaukar lokacin masu karatu. Ya bayyana wayar da ya canza, da kafofin da ya gwada, da laftof ɗin abokinsa. Ya rufe da cikakken sunansa da tsohon muƙaminsa a masaƙa. Ba a daɗe ba wani ya amsa, mutumin da ba shi da suna sai haruffa da lambobi, hotonsa kuma kyanwa ce. Ba gaisuwa, ba komai. Layi ɗaya: me ka canza tun ranar da ta yi aiki na ƙarshe?

Shekari ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dubi kyanwar. Ya rubuta: babu.

"Me ya ce?" in ji Phoebe.

"Shirme. Yaran yanzu ba su iya gaisuwa ba."

"Ai na iya karatu, Baban Jessica. Makaranta iri ɗaya muka yi." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Datar Litinin fa?"

"Wace data?"

"Wadda ka ɗura wa abin nan tun azahar har la'asar, kana cewa ba za su ci ko ƙwaya ba."

Shekari ya goge kalmar da ya rubuta. Ya yi tunani mai tsawo, sannan ya rubuta cewa bincike ya nuna wani daga cikin mazauna gidan ya sabunta tsarin ranar Litinin, kuma an ja masa kunne.

Mai kyanwa ya zama mutumin kirki. Ya yi bayani dalla-dalla, Shekari kuma ya fassara wa kansa da harshen masaƙa. A cikin tsarin akwai abin da ake kira kenel, shi ne kamar mai gadin babbar ƙofa, duk abin da aka soka wa kwamfuta ta hannunsa yake bi. Magulmaci kuwa kansa fanko ne. Duk lokacin da aka soka shi sai kwamfuta ta ɗura masa karatunsa, ya fita, ya sake shigowa a shirye. Tsohon mai gadi ya san halinsa, yakan riƙe masa ƙofa. Sabuntawar Litinin ta kawo sabon mai gadi mai tsimin batir, wanda a irin wannan tsohon laftof da ya ga baƙo ya fita sai ya rufe ƙofa ya kashe fitila. Mai kyanwa ya ce akwai yadda za a yi wa sabon bayani ya daina, ya rubuto umarnin. Ya ƙara da cewa in ana sauri, tsohon kenel yana nan ba a share shi ba. A danne madannin Shift lokacin kunnawa, za a ga sunansa a ƙasan na sabon.

Shekari bai ko kalli umarnin ba. Ya kashe laftof, ya danne Shift, ya kunna. Ga shi kuwa, tsohon yana zaune a layi na biyu kamar ma'aikacin da aka yi wa ritaya amma bai tashi daga kwatas ba. Ya zaɓe shi. Fitilar Magulmaci ta kama, ta ƙifta, ta dawo, ta zauna.

"Ka gode wa kyanwar," in ji Phoebe, ta kashe datarta.

Aikin ogan ɗin kansa bai kai wahalar da aka sha kafin a kai gare shi ba. Ranar Alhamis Magulmaci ya zana hirar: layi bakwai suna hawa da sauka, na takwas yana kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Shekari ya bi shi har wata ai-si mai ƙidayar madannai, inda ɓeraye suka yi shekaru suna fitsari har tsatsa ta cinye mata ƙafafu biyu. A cikin gwangwanin madara da ya taho da shi daga masaƙa ranar da aka rufe ta akwai irinta sak. Ya narka dalma, ya cire, ya dasa. Ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa da muryarsa, sai na ƙarshen hagu. Ya leƙa da tocila. Waya ce guda ta tsinke, tana reto, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Aikin numfashi ɗaya ne. Hannunsa na da zafi, zuciyarsa na da daɗi, ga dalma a narke. Ya liƙe ta. Ya danna, madannin ya yi wani ruri mai zurfi kamar bijimi. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa Asabar ta zo, bari ta ji da kunnenta.

Ranar Asabar da yamma 'yan Zumuntar Mata suka taru gwajin waƙoƙin Godiya. Clinton ya zo, da Dattijo Matthew shugaban kwamiti, wai sun biyo ta hanya ne. Phoebe ta yaye zanen, ta zauna, ta ɗora hannu.

Waƙar ta tashi daidai, amma a ƙarƙashinta akwai wani gurnani da ba ya hawa ba ya sauka, yana tafe da ita kamar tirela a bayan 'yan biki. Mata suka fara waige. Masu babbar murya suka bi gurnanin suka ɓace, masu ƙarama suka yi ta ɗagawa don su tsere masa. Dattijo Matthew ya aika a duba ko janareta ne. Clinton kuwa ya fara auna kusurwar da ido, yana motsa leɓe.

Phoebe ta tsaya. Gurnani bai tsaya ba. Ta ɗaga hannun dama, yana nan. Ta ɗaga na hagu, ya ɗauke. Ta mayar da ƙaramin yatsanta inda yake, a kan madannin ƙarshe, bijimi ya amsa. Ta juyo a kan kujerar a hankali.

"Baban Jessica. Wa ya taɓa?"

Mata goma sha wani abu suka juyo tare. A cikinsu babu wadda ba ta taɓa tsayawa a garejin nan da dutsen guga ko rediyo tana ba da sunan ɗanta ba.

"Gyara shi na yi," in ji Shekari.

"Na ce ka gyara?"

"Kin ce."

"Yaushe?"

"Kafin a haifi Jessica."

Wata daga baya ta tuntsire da dariya ta toshe baki da gefen zane.

"Nan nake ajiye ɗan yatsana," in ji Phoebe. "Da shi nake auna inda sauran suke. Tun da idona ya fara rauni ba na duba hannun hagu, daga nan nake ƙirgawa."

"Sai ki ɗauke shi. Ki ajiye a katako."

"Yatsan da ya yi shekara talatin a wuri ɗaya, yau da yamma zan koya masa sabon gida, gobe da safe ya bi da waƙa?"

"Amma yanzu ne yake daidai. Haka Turawa suka ƙera shi."

"To ka kira Turawan su zo su kaɗa."

Clinton ya yi gyaran murya. "Baba, in abin bai yiwu ba, mutumin Panteka ya ce ko Litinin zai iya zuwa."

Shekari ya dubi Clinton, ya dubi ogan, ya dubi matarsa da hannunta na hagu a sama kamar mai jiran a ba ta izini a aji. Wannan liƙin da ya yi ranar Alhamis yana cikin mafi kyau da ya taɓa yi, dalma ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ya buɗe jaka ya ɗauko filaya. Ya zaga bayan ogan ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Aka ji ɗan ƙas.

"Gwada," in ji shi daga can baya.

Phoebe ta ajiye ɗan yatsanta. Shiru. Ta gyara zama, ta ba mata alama da kai, waƙa ta tashi wankakkiya, irin yadda aka san ta tun ana zuwa coci da fitilar ƙwai. Dattijo Matthew, wanda ya ce wucewa yake, ya zauna a benci ya cire hula, ya bi su da muryarsa da ta daɗe da tsagewa.

Ranar Lahadin Godiya aka shigo da doya da dawa da kaji ana rawa, ogan yana gaba. Bayan sujada kwamiti ya yi zaman da bai kai a sha ruwa ba. Gangunan Clinton suka samu wuri a ɗaya gefen, kusa da taga, inda ya ce dama iska ta fi shiga.

Bello ya ji labari kafin Litinin, don Makera da Unguwar Boro ba su da nisa in labarin na dariya ne. Ya aiko da saƙo cewa yana da rediyo da ke aiki lafiya, ko Malam Shekari zai samu lokaci ya duba. Laftof ɗinsa har yau da tsohon kenel yake tashi, umarnin mai kyanwa kuma yana nan ba a gwada ba. In data ta yi saura ranar ƙarewa, Phoebe yake miƙa wa wayar ta kira 'yan'uwanta na Zonkwa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ta ga-maciji da su. Tambayarsa kuwa bai daina ba. Abin da ya ragu kawai shi ne, in Phoebe na zaune a bakin ƙofar gareji, yakan yi ta ƙasa-ƙasa.

Kwanan baya wani baƙon mai wa'azi ya zo daga Jos, mutum mai son kiɗa. Bayan sujada ya zauna ya bi madannan ogan ɗin yana yabawa, har ya kai na ƙarshen hagu. Ya danna, ya sake dannawa.

"Wannan ya mutu," in ji shi. "Ba ku da mai gyara a nan? Ai ƙaramin aiki ne."

Shekari yana naɗe wayar makirufo a kusa. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Ranka ya daɗe, ɗauke hannunka. Aiki yake yi."